GARGAƊI DA WA'ADIN KWANA 21 KAN KUƊIN LAFIYA DA NA FANSHON MA'AIKATA

Daga shugabannin ƙungiyoyin ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi da na 'yan fansho

Zuwa ga Mai Girma Gwamna, ta hannun Sakataren Gwamnatin Jiha

Kwafi ga Kakakin Majalisar Dokoki, da Shugaban Ma'aikata, da Akanta Janar, da kwamishinonin lafiya da kuɗi da ƙananan hukumomi, da shugabannin hukumar fansho da na hukumar taimakekeniyar lafiya

Ranka ya daɗe,

Mun rubuto wannan takarda ne da umarnin babban taron wakilan ma'aikata da 'yan fansho, wanda ya zauna ya saurari rahoton rassanmu na ma'aikatu da asibitoci da makarantu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi. Taron ya tsaya a kan magana ɗaya, cewa tura ta kai bango. Mun rubuta wasiƙu, mun zauna a kwamitoci, mun karɓi alkawura, mun koma mun ba mambobinmu haƙuri da bakinmu. Yau ba mu da sauran abin da za mu gaya musu. Saboda haka muna ba gwamnati wa'adin kwana 21, daga ranar da aka sa hannu aka karɓi wannan takarda a ofishin Sakataren Gwamnati, ta biya buƙatun da muka jero a ƙasa. Idan wa'adin ya cika ba a yi ba, za mu ajiye aiki.

Kuɗin da ake cirewa daga albashin ma'aikaci da sunan lafiya da fansho ba kuɗin shigar gwamnati ba ne. Guminsa ne, ya riga ya yi aikinsa, aka ce za a ajiye masa domin ranar ciwo da ranar tsufa. Gwamnati mai riƙon amana ce a kan wannan kuɗi, ba ta da ikon jinkirta shi, ko aronsa, ko toshe wani giɓi da shi. Ko a unguwa, uwar adashin da ta karɓi zubi ta kashe a hidimar gidanta, ranar kwasa ta ce a yi haƙuri, kowa ya san sunan abin da ta yi.

ABIN DA MAMBOBINMU KE FAMA DA SHI

Kowane wata, kafin albashi ya shiga asusun ma'aikaci, an riga an zare kason lafiya da kason fansho. Ba a taɓa manta wannan zarewa ba. Abin da ake mantawa shi ne kai kuɗin inda aka ce za a kai shi.

Malamin firamare zai kai matarsa asibiti tana naƙuda da tsakar dare, ya miƙa katin taimakekeniya, a ce masa, "Malam, an daɗe ba a turo mana kuɗinku ba, sai dai ka biya." Ya fita yana ƙwanƙwasa ƙofofin maƙwabta neman rancen kuɗin safar hannu da allura da ledar ƙarin ruwa. Mai hawan jini ko ciwon suga, wanda maganinsa na kullum ne, zai bi layi tun safe, a ba shi farasitamol, sauran a rubuta masa a takarda a ce ya je kemis. Wani zai tarar sunansa ya ɓace daga jerin asibitin da ya zaɓa, ko an mayar da shi wani gari ba da saninsa ba, alhali ana nan ana cire masa kuɗi. Idan ciwon ya kai ga tiyata ko wankin ƙoda ko maganin daji, sai a shiga jiran lambar izini daga hukuma kwana da kwanaki, ciwo kuwa ba ya jiran sa hannun kowa.

Muna so gwamnati ta sani, masu faɗa wa marasa lafiya wannan magana mai ɗaci su ma mambobinmu ne: ma'aikatan jinya, ungozomomi, masu ba da magani, masu gwaji, masu yanka kati. Su ake zagi, su ake zargi da ɓoye magani, wani lokaci har a ɗaga musu hannu a bakin aiki. Ba su suka riƙe kuɗin ba. An tsayar da su ne a gaban fushin jama'a, waɗanda suka riƙe kuɗin kuwa suna can inda mara lafiya ba ya kaiwa.

Ta ɓangaren fansho abin ya fi ciwo. Mutum ya yi shekara 35 yana aiki, ko ya cika shekara 60 a duniya, albashinsa ya tsaya a watan da ya ajiye aiki, fansho kuma bai fara ba. Giratutin da ya tsara zai biya bashi da shi, ko ya ƙarasa ginin da zai zauna, ko ya aurar da 'yarsa, ya zama abin jira shekara da shekaru. Yau a ce fayil yana gaban oga, gobe a ce ba a gan shi ba, jibi wani ya raɗa masa cewa in zai saki wani kaso za a taimaka masa. Tsofaffi masu sanda, da waɗanda ake ɗaukowa a kujera, ana tara su a rana domin tantancewa, a gama, bayan 'yan watanni a sake kiran wata. Da yawa sun rasu suna jira. Matansu da marayunsu sun gaji jiran, suna yawo da takardar mutuwa da ta gado daga wannan ofis zuwa wancan. Har yau akwai dattawan da fanshonsu na wata ba ya sayen maganinsu na mako guda. Kuma a ranar da ma'aikaci ya yi ritaya ake cire sunansa daga tsarin lafiya, daidai lokacin da jiki ya fara neman asibiti.

LOKACIN DA MUKE CIKI

Da a ce rayuwa na da sauƙi, da wataƙila ma'aikaci ya iya ɗaukar wannan nauyi da aljihunsa. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. A watan Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya, masu asma da masu neman maganin kashe ƙwayoyin cuta suka ji a jikinsu. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai kamo tsadar kasuwa ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne, kuma arewa ce ta fi ɗaukar wannan nauyi. Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate da kansa ya bayyana cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. A irin wannan hali, riƙe kuɗin lafiyar ma'aikaci wasa ne da ransa da na iyalinsa.

DOKA TANA TARE DA MU

Ba alfarma muke nema ba. Sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a riƙe fansho ko giratutin ma'aikacin jiha, ko a sauya shi ta yadda zai cutu, ya kuma wajabta a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka yi ƙarin albashi, wanda duk ya riga zuwa. An yi ƙarin albashi a 2019, an sake yi a 2024. Muna tambaya, a wace takarda aka rubuta ƙarin da ya kai ga tsohon masinja da tsohuwar malamar ƙauye?

Dokar gyaran fansho ta tarayya ta 2014, wadda jihohi ke ɗauka a matsayin ma'auni, ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10. Ta ce a tura kuɗin cikin kwanakin aiki 7 daga ranar biyan albashi. Wanda ya makara zai biya tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin ba a kowane wata. Ta kuma wajabta inshorar rai wadda za ta ba magadan ma'aikacin da ya rasu a bakin aiki aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Gwamnatin da ke cin tarar ɗan kasuwa idan ya makara da haraji ba ta da bakin cewa wannan ƙa'ida ta yi mata tsauri.

A ɓangaren lafiya, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara saka masa kuɗi, shekara huɗu bayan sa hannu. Dokar ta nemi jihohi da ƙananan hukumomi su kawo nasu kason na kashi 25 cikin 100 kafin su amfana. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon tsarin da aka kafa a 1999 aka fara aiki da shi a 2005. Sabuwar dokar ta mayar da inshorar lafiya wajibi a kan kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu ciki, da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman, da matalauta. Tun kafin wannan duka, a Afrilun 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka ɗauki alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Ƙasar da aka yi alkawarin a cikinta ba ta taɓa kai ko kusa ba a kasafin tarayya.

Dokoki dai ga su nan, ba su yi kaɗan ba. Abin da ya yi kaɗan shi ne cika su.

ABIN DA YA FARU A WASU ƘASASHE

Duk lokacin da aka zo mana da sabon tsari, ana cewa haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. To, mu ma mun bi labarin waɗannan ƙasashe, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tsarin fansho na karo-karo da Najeriya ta ɗauka a 2004 daga ƙasar Chile aka kwafo shi. A can gwamnatin soja ta Janar Pinochet ce ta kafa shi a 1981. Aka ce kowane ma'aikaci ya zuba kashi 10 cikin 100 na albashinsa a asusun kansa, kamfanoni masu zaman kansu su juya masa. Sojojin da suka ƙaƙaba tsarin ba su shiga ba, sun ci gaba da zama a tsohon tsarinsu. Da waɗanda suka fara zubi suka tsufa, sai ɗimbinsu suka ga abin da ake ba su ba ya riƙe gida. A 2008 Shugaba Michelle Bachelet ta kawo fanshon tallafi daga baitulmali domin waɗanda ajiyarsu ta gaza. A 2016 dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan Santiyago da sauran birane suna neman a rushe tsarin. A 2025 aka yi dokar da ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata ƙarin kashi 7 cikin 100. Mu ma a nan, a 2011 aka fitar da sojoji da jami'an leƙen asiri daga tsarin karo-karo. Waɗanda suka ƙirƙiri tsarin sun gyara shi sau da yawa domin kada tsoho ya faɗi ƙasa warwas. Mu da muka ara, ko kuɗin zubin ba a kaiwa a kan lokaci.

Ghana ta fi kusa da mu. A 2003, zamanin Shugaba John Kufuor, ta yi dokar inshorar lafiya domin kawo ƙarshen tsarin biya kafin a duba ka. Ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayan saye da sayarwa, ta kuma ɗebi kashi 2.5 daga zubin ma'aikata na hukumar fansho ta SSNIT. Ta yafe wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 da tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama, a 2008 ta ƙara da kula da masu ciki kyauta. Miliyoyin mutane suka shiga. Amma da baitulmali ya riƙa karɓar harajin yana sakin wani kaso kawai, har aka yi dokar ƙayyade shi a 2017, sai bashin asibitoci ya taru, na mishan da masu zaman kansu suka riƙa barazanar komawa karɓar kuɗi a hannu. Tsarin bai lalace daga takarda ba, daga riƙe kuɗi ya fara rauni. Kuma ma'aikatan Ghana ba su naɗe hannu ba. A Disambar 2022, da gwamnati ta nemi saka kuɗin fansho cikin shirin sake fasalin bashinta na cikin gida, ƙungiyoyin ƙwadago suka sanar da yajin aiki, gwamnati ta cire kuɗin fanshon daga shirin. A Yulin 2024, da hukumar SSNIT ta nemi sayar da kashi 60 cikin 100 na hannun jarinta a otal huɗu ga kamfanin wani minista mai ci, ƙungiyoyin suka sake kiran yajin aiki, aka soke cinikin.

A Jamhuriyar Nijar, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa sun san wannan labari da idonsu. A 2006 gwamnati ta ce magani kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tiyatar haihuwa ma kyauta ce, asibiti ya yi aiki gwamnati ta biya shi daga baya. Iyaye mata suka yi tururuwa da 'ya'yansu, rayuka da yawa suka tsira. Amma biyan ya riƙa makara wata da watanni, bashi ya hau kan ƙananan asibitoci, kantocin maganinsu suka bushe. Niyya mai kyau ce, jinkirin biya ne ya karya mata gwiwa.

Ga kuma inda aka yi abin da ya dace. Tailan ta shimfiɗa tsarin lafiya ga kowa a 2002, tana fitowa daga mummunan rikicin tattalin arziƙi na 1997. Mara lafiya ya biya baht 30 kacal, sauran daga harajin ƙasa. Ana ware kuɗin kowane mutum tun a kasafi, a tura wa asibitinsa, kuma wakilan ƙungiyoyin jama'a suna da kujeru a hukumar da ke kula da asusun. Jamus, wadda ta fara inshorar lafiyar ma'aikata a 1883 zamanin Bismarck, tun farko ta ba masu zubi kujeru a kwamitocin da ke tafiyar da asusun, ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki, kowa gwargwadon abin da yake zubawa. Ingila ta buɗe tsarin lafiyarta na kyauta a ranar 5 ga Yuli, 1948, tana cikin bashin yaƙin duniya, ana raba abinci da kati. Babu ɗaya daga cikinsu da ta jira sai ta yi arziƙi.

Darasi biyu muka ɗauko, kuma a kansu muka gina buƙatunmu. Na farko, duk inda kuɗin lafiya da na fansho ya kwana a asusun gwamnati, sai ya ragu ko ya makara. Na biyu, duk inda masu zubi ke zaune a inda ake yanke shawara, suna ganin lissafi, hannun ɓarawo yakan yi nauyi.

UZURORIN DA MUKA GAJI DA JI

An ce babu kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, kuma ana buga alƙaluman kowane wata. Ban da haka, kuɗin da muke magana a kai an riga an cire shi daga albashinmu. Ba a cewa babu abin da aka riga aka karɓa.

An ce bashin gado ne daga gwamnatocin baya. Gwamnati ɗaya ce, masu riƙe ta ne ke sauyawa. Wanda ya gaji kujera da motoci da kason wata, ya gaji bashin ma'aikata. Gwamnatin tarayya ma a Fabrairun 2025 ta amince da fitar da takardun bashi na naira biliyan 758 domin biyan bashin fanshon da ya taru a kanta. Hukumar NHIA, bayan shekaru tana biyan asibitoci naira 750 kan kowane mutum a wata, ta ɗaga shi ya kai naira 1,450 a 2025. Ke nan hanya tana nan ga wanda ya yi niyya.

An ce mu yarda da amanar jami'ai. Mun ga yadda aka yi a 2013, lokacin da aka yanke wa wani babban jami'in ofishin fanshon 'yan sanda zaɓin tarar naira 750,000 bayan ya amsa laifi a shari'ar biliyoyin naira, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta gyara hukuncin. Mun ga yadda a Nuwambar 2021 kotun tarayya da ke Abuja ta ɗaure Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora domin ya gyara harkar fansho, shekara 8 kan kuɗin 'yan fansho sama da naira biliyan 2. Bayan wannan, ba wanda zai zarge mu don mun ce sai mun ga lissafi da idonmu.

BUƘATUNMU

1. A tura duk kuɗin lafiya da na fansho da aka cire daga albashi ba a kai ba, tare da kason gwamnati, zuwa asusun hukumomin da suka dace, a ba mu shaidar banki.

2. A ba Akanta Janar umarni a rubuce cewa daga yanzu kuɗin zubi zai fita a rana ɗaya da albashi, ko cikin kwanakin aiki 7, kuma a rubuta tarar jinkiri a dokar jiha.

3. A buga cikakken lissafin abin da aka cire, da abin da aka tura, da abin da ya rage, wata bayan wata, na jiha da na kowace ƙaramar hukuma. A ɗauko mai binciken kuɗi mai zaman kansa, wanda mu da gwamnati muka amince da shi, ya tantance.

4. A biya asibitoci bashin da suke bin hukumar taimakekeniya, a sake duba kuɗin kowane mutum daidai da farashin magani na yau, a kuma liƙa jerin magunguna da ayyukan da kati ya ƙunsa a bangon kowane asibiti da Hausa.

5. A daina jinkirta lambar izini. Mara lafiyar da ke cikin halin gaggawa a fara yi masa aiki, takarda ta biyo baya.

6. A saka 'yan fansho da matansu ko mazansu cikin tsarin lafiya, gwamnati ta ɗauki nauyin zubinsu.

7. A fitar da jadawalin biyan giratuti da haƙƙin magada bisa ranar ajiye aiki ko ranar rasuwa, wanda ya riga shi za a fara biya, a kafe jerin sunayen a fili, a ware masa kuɗi tabbatacce kowane wata.

8. A yi ƙarin fansho daidai da sashe na 210, a tsayar da mafi ƙarancin fansho, a biya bashin ƙarin da aka tsallake.

9. A daina tara tsofaffi domin tantancewa. Jami'ai su je mazaɓu, marasa lafiya a same su a gida.

10. A ba zaɓaɓɓun wakilan ma'aikata da na 'yan fansho kujeru masu ƙuri'a a hukumar fansho da ta taimakekeniya, kuma kada a ari ko sisin kwabo daga asusun, ko a sayi fili ko gida da shi, sai da sa hannunsu. Duk jami'in da bincike ya kama a miƙa shi kotu, sauya masa ofis ba hukunci ba ne.

Na 1 da na 2 da na 4 da na 5 da na 9 muna so a aiwatar da su kafin cikar wa'adi. Sauran muna so a sa hannu a kan yarjejeniya mai ɗauke da ranaku da adadin kuɗi.

ABIN DA ZAI BIYO BAYA

Dokar sasanta rikicin ƙwadago ta nemi ma'aikatan da ke ayyuka masu muhimmanci su ba da sanarwar kwana 15 kafin su ajiye aiki. Mun ba da 21, domin kada a ce ba mu bar ƙofa ba.

Idan wa'adin ya cika ba a biya buƙatunmu ba, washegari za mu fara yajin aikin gargaɗi na kwana 3, tare da tattaki na lumana zuwa Majalisar Dokoki da ofishin Akanta Janar. Idan aka ƙara kwana 7 bayan nan ba a motsa ba, za mu shiga yajin aikin sai baba ta gani a ma'aikatu da makarantu da sakatariyoyi da asibitoci. A lokaci guda lauyoyinmu za su shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mu kuma kai ƙorafi ga hukumomin yaƙi da cin hanci kan duk kuɗin da aka cire ba a kai ba.

Mun san za a tsoratar da mu da ƙa'idar ba aiki ba albashi. Wanda ya yi aiki shekara 35 aka riƙe haƙƙinsa ya riga ya ga abin da ya fi wannan. Duk wani yunƙuri na korar ma'aikaci, ko yi masa canjin wurin aiki na mugunta, ko dakatar da albashin shugaban reshe saboda wannan gwagwarmaya, za mu ɗauke shi a matsayin taɓa mu gaba ɗaya.

GA MAMBOBINMU DA JAMA'AR JIHA

'Yan'uwa ma'aikata, ku ci gaba da zuwa aiki har sai kun ji umarni daga shugabannin rassanku. Kowa ya adana takardun albashinsa, da rasiɗin maganin da ya saya da kuɗinsa alhali yana da kati, ya miƙa kwafi ga sakataren reshe. Kada ku saurari jita-jita, kada ku karɓi kiran ganawa a ɓoye, kada ku bari ɗan siyasa ko ɗan daba ya shiga sahunmu. Iyayenmu 'yan fansho, ba ma so ku fito rana. Ku zauna a gida ku yi mana addu'a, mu 'ya'yanku za mu tsaya a madadinku.

Jama'ar jiha, mun san yajin aiki zai taɓa ku, kuma wannan yana damun mu. Mun umarci rassanmu na lafiya su bar ɗakunan haihuwa da na gaggawa da na wankin ƙoda a buɗe a kwanakin gargaɗi. Asibitin da ba a biya shi kuɗinmu ba shi ne wanda ku ma kuke zuwa ku tarar babu magani. Muna roƙon sarakuna iyayen ƙasa, da malaman addini, da 'yan majalisa, su sa baki tun yanzu, kafin a rufe ƙofar aji ko ta ofis.

Ranka ya daɗe, a shirye muke mu zauna kowace rana cikin waɗannan kwanaki 21, da dare ko da rana, amma da waɗanda ke da ikon sa hannu a fitar da kuɗi. Ba za mu sake karɓar kwamitin nazari a madadin biya ba. Idan wa'adin ya cika ba a yi komai ba, alhakin duk abin da ya biyo baya yana wuyan gwamnati.

Allah ya ba ka ikon sauke wannan nauyi, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Sa hannun shugabanni da sakatarorin ƙungiyoyin, a madadin babban taron wakilai.